Daminar da Hanifa Ta Ƙi Ganye

Kwana uku ke nan rana ba ta leƙo garin Lafiya ba. Kayan makarantata da na wanke tun ranar Asabar suna nan rataye a igiya cikin ɗaki, har sun fara warin danshi. Da safen nan gas ɗinmu ya ƙare, Mama ta ce in hura gawayi, gawayin ma ya sha ruwa. Ina durƙushe ina fifita da murfin bokiti, hayaƙi na cin idona, sai haushin wata damina ya taso mini sabo fil. Shekara biyar ke nan. A lokacin ina da shekara goma sha ɗaya, na gama firamare ina jiran shiga sakandare.

A shekarar aka yaye ƙanwata Hanifa. Shekararta ɗaya da wata huɗu, ba ta isa yaye ba, amma Mama ta samu ciki, kuma a wajenmu in uwa ta samu ciki ba a barin yaro ya ci gaba da sha. Iya, mahaifiyar Babanmu, ita ta aiko daga Kwandere cewa a shafa shuwaka, haka ta yaye 'ya'yanta bakwai, daga nan a kawo mata yarinyar. Ni aka aika na tsinko shuwakar. Ina tsaye a bakin ƙofa Mama ta murje ta a tafin hannu har ruwan ya fito kore shar, ta shafa. Hanifa ta taho da tafiyarta ta 'yan koyo, ta kama, ta saki. Ba ta yi kuka nan take ba. Sai da ta kalli wurin, ta kalli hannun Mama, sannan ta ɓare baki. Washegari aka sa mu a keke napep, ni da ita da ƙullin kayanmu. Ni ce 'yar raino.

Ruwan shekarar wasa ya yi da mutane. Ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke har masara ta ƙone a kunya. Aka sake shuka da irin da ya kamata a ci. Lokacin da muka isa Kwandere ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Ya fara da asuba, ya huta da hantsi, ya sake taruwa kafin la'asar. Tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta isa tono ba. Abin da ya rage wa Iya masara ce a gindin buhu, tana auna tsakinta da gwangwanin madara, ta shafe saman da yatsa, abin da ya zubo ta tsince shi ɗaya-ɗaya.

Abu ɗaya ne ya wadata: ganye. Alayyafo ya cika bayan ɗaki ba wanda ya shuka shi. Rama, lalo, zogale, ko ina ka juya. Faten da muke ci safe da yamma ganye ya fi tsaki yawa, in ka ɗaga cokali sai ka nemi masarar. Kafin azahar cikina ya fara ƙugi. Ban taɓa faɗa ba. Ni dai ba mai magana ba ce, har yanzu ma.

Kullum ga yadda safiya take. In yi alwala da ruwan randa mai sanyi, in yi salla, in fita hura wuta. Itacen jiƙaƙƙe ne, yana tsiyayar kumfa ta gindi yana shii. Iya kan ajiye ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin gadonta don kama wuta, kuma ba ta yarda a ɗebi fiye da tafi ɗaya. In wuta ta kama in ɗora ruwa, in zaga in tsinko ganye, ƙafata na nutsewa a taɓo. Bayan karin kumallo matan unguwa su haɗu su tafi cirar ciyawa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Ni in bi su da Hanifa a baya, in zauna ƙarƙashin mangwaro ina korar ƙudan tsando.

Hanifa kuwa ta ƙi cin komai sai koko, kokon ma tsararo, ba sukari ba madara. In aka kawo fate ta kulle baki ta juya wa kwanon ƙeya. Iya ta ce kewar nono ce, kowane yaro yana yi, kwana uku za ta manta. Aka yi bakwai. Iya ta ce haƙori ne. Aka yi goma sha huɗu. Ni nake goya ta, ni na fara jin zanin goyon yana yi mata yawa. Awarwaron roba da ke hannunta, wanda da sai an sa sabulu ake cire shi, wata rana na tsince shi a tabarma.

Ranar awo muka je ƙaramin asibitin garin. Ma'aikaciyar, wadda kowa ke kira Sista, ta naɗa wa Hanifa wani ɗan tef a damtse, mai kala uku, kore da ruwan ɗorawa da ja. Ta ja shi, ta yi tsaki, ta dubi Iya.

"Mama, matso ki gani da idonki. Kin ga inda ya tsaya? Kaɗan ya rage ya shiga ja."

"Yaye ne, 'yata," in ji Iya. "Yaye ba ya barin yaro da ƙiba."

"Yaye ko ba yaye ba, sati biyu na ba ku. In kun dawo ya shiga ja, ba ruwana da roƙo, Lafiya za ku tafi a ba ta gado. Ina uwarta?"

"Tana da juna biyu. Ko ruwa ba ya zama a cikinta."

"To kin gani. Wa zai yi jinyar?"

Sista ta juyo kaina. "Ke, kina makaranta ko? To buɗe kunnenki." Ta lissafa mini: kullum da safe a yi mata fate mai laushi nata ita kaɗai, a sa ganye da yawa, a fasa ƙwai, a zuba garin ƙuli da cokalin manja. Ban da yaji, ban da magi, gishiri ɗan kaɗan. "Kuma Mama, ban da ɗura. Na san ku."

Iya ta ce, "Wa ya ce miki ina ɗura?"

Tana yi. Da idona na sha gani.

Ƙwai bai ba mu wahala ba, don damina lokacin ƙwan zabi ne. Akwai wata Bafulatana mai kawo nono, Iya ta riƙa ba ta gishirin garin Keana da wata 'yar'uwarta ta aiko mata, ita kuma ta ba mu ƙwai. Washegari na tashi da ƙarfina. Na jiƙa tsaki, na yanka alayyafo siriri-siriri, na niƙa shi a dutse don ya yi laushi, na dafa har komai ya narke. Na fasa ƙwan zabi, sai da na buga shi sau uku a bakin tukunya don taurin ɓawonsa. Ƙamshi ya cika tsakar gida. Ni kaina yawuna ya tsinke. Na fifita, na ɗanɗana a bayan hannu, na zaunar da Hanifa a cinyata.

Ta leƙa kwanon, ta sa ƙafa ta ture shi.

Rabi ya zube a ƙasa, kaji suka taru. Ƙwai guda, a shekarar da muke neman masara a cikin cokali. Na ji kamar in mare ta, na kuma ji kamar in yi kuka, na rasa wanda zan fara.

Rana ta biyu na yi mata jirgin sama da cokali. Rana ta uku na ci a gabanta ina lumshe ido ina cewa daɗi. Ta kalle ni kamar mahaukaciya. Rana ta huɗu Iya ta ce, "Kawo ta nan, 'yar boko, wasanku ya isa." Ta kwantar da ita a ƙafafunta, ta tara tafi a bakinta, ta toshe mata hanci ta zuba. Hanifa ta shaƙe, idonta ya yi ja, ta dawo da shi duka har da kokon asuba a zanin Iya.

"Wannan yarinya taurin kan uwarta ta ɗauko," in ji Iya tana goge zani.

Maƙwabciyarmu Maman Ashe, 'yar ƙabilar Eggon ce, katangar kara ce kawai tsakaninmu, ta leƙo. "Iya, har yanzu yarinya bai ci ba?"

"Ina fa."

"Ka ba shi burodi da shayi mana. Nawa duka haka ya girma."

"Burodin a gonarki yake tsirowa?"

Maman Ashe ta yi dariya ta koma. Kowa da shawararsa. Mai cewa a yi mata rubutu, an yi, ta sha, don shi ba ta ƙi shi ba. Mai cewa a bar ta da yunwa za ta ci, kamar ba yunwar ce ke cinye ta ba. Duk wanda ya ba da shawara sai ya wuce gidansa, ni ce zan tashi gobe in yi faɗa da jiƙaƙƙen itace in dafa abin da kaji za su ci.

Rana ta shida muna gona, Maman Ashe ta miƙo wa Hanifa guntun dafaffen rogo. Ta karɓa, abin da ya ba ni mamaki, ta fara gatsa. Can sai ta tsaya. Wani ɗan ɓarɓashin ganye ne ya manne a gefen rogon, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ta sa farce ta taɓa shi, ta kalli yatsan, ta yi jifa da rogon gaba ɗaya, ta shiga goge harshe da bayan hannu. Na kai hannu zan ɗauke ta, ta kalli yatsuna da suka rine da cirar ciyawa, ta ja da baya tana kuka.

Irin kallon na san shi. Shi ta yi wa hannun Mama.

Na zauna ina lissafi. Koko tana sha. Rogo ta ci. Rubutu baƙi ne, ta sha. Akwai kofin roba guda biyu a ɗakin Iya, ja da kore, kuma sai yanzu na tuna kullum jan take nunawa. Ashe yarinyar nan ba abinci ta ƙi ba. Ta ɗanɗani kore sau ɗaya a wurin da ta fi yarda da shi a duniya, ta gama da shi. Mu kuma kwana ashirin muna bin ta da kore a cokali.

To wa zan gaya wa? In buɗe baki gaban Iya in ambaci jikin Mama, surukarta? Ko a ɗaki ban iya ba. Kuma in ce shuwaka ce, ai na ce Iya ce, tunda ita ta aiko a shafa. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarta, in tsaya in kalli labule, in ce, "Iya, in ɗebo ruwa?" Ta ce, "Randa a cike take, me ke damunki?"

Sai na yanke in yi abina shiru. Akwai kabewa da ta hau rufin kicin ɗin Maman Ashe, guda ɗaya ta riga sauran nuna. Na yi kwana guda ina kallonta. Roƙo a wajena ya fi ɗaukar ruwa daga rafi wuya. Da yamma na tsaya jikin katanga na ce, "Mama, sannu da aiki." Ta amsa. Na sake cewa, "Sannu da aiki."

"Hajara, ka gaishe ni sau uku yau. Mene ka ke so?"

Na nuna rufin da baki.

"Kabewa? Shi ne ka ke ta zagaye kamar kaza zai yi ƙwai?" Ta sa gora ta turo ta, ta raba biyu ta ba ni rabi. "In ya ƙare ka zo. Amma ka yi magana, ni ba boka ba ne."

Da safe na fere yanki guda na dafa da tsaki kaɗan. Na soya albasa da tumatir ɗaya a manja, na juye, na dama da muciya har ya zama kamar kunu mai kauri. Na kaɗa ƙwai na zuba, na barbaɗa ƙuli. Ya fito jawur, kalar ƙasar Kwandere bayan ruwa. Na wanke hannuna da toka har sau biyu. Ban ɗauki cokali ba. Na ajiye kwanon a tabarma kusa da ita, na juya baya ina yi kamar ina tsintar tsakuwa a wake.

Na daɗe ban ji komai ba sai ɗigar ruwa daga indararo. Sannan na ji ɗan tsut. Na saci kallo. Yatsa ɗaya ta tsoma, tana dubansa ta kowane gefe. Ta lasa. Ta tsoma biyu. Kafin Iya ta fito daga wanka ta shafe fuska da gashi da riga, amma kusan rabin kwanon ya shiga ciki.

Na zaci Iya za ta yi murna. Ta leƙa kwanon ta ce, "Ina ganyen?"

Na shiga goge wa Hanifa fuska.

"Ba da ke nake ba? Likita ta ce ganye da yawa, a gabana ta faɗa. Ke har kin fi ta sani? Firamare kawai kika gama fa."

Iyar da ta yi ɗura kwana huɗu bayan an hana ta, ita ce yau mai kare maganar Sista. Na haɗiye. Ta ce rubutun ne ya fara aiki, gobe in mayar da ganye.

Ban mayar ba, amma na ji tsoron maganar, don Sista ba ta faɗi ganye a banza ba. Sai na riƙa tsinko zogale ina shanyawa. Rana babu, don haka a murfin tukunya nake baza shi gefen murhu har ya bushe, in murje shi ya zama gari, in sa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, manja ya rufe shi. In Iya ta tambaya in nuna mata garin in ce ga shi. Yanzu a gidanmu akwai injin markaɗe, in da wuta minti ɗaya ya gama abin da nake yi tun asuba a lokacin. Wata safiya na yi zari, na sa cokali guda. Faten ya yi wani duhu-duhu. Hanifa ta leƙa, ta kalle ni, ta ture. Ranar ko koko ta ƙi karɓa daga hannuna, sai Iya ce ta ba ta. Kwana ɗaya cikin bakwai da suka rage ya tafi a banza, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Ranar komawa awo aka tashi da yayyafi. Muka yafa buhu ɗaya ni da Iya, muka isa a jiƙe. Mata sun cika barandar, a tsakiya an ɗora tukunya a kan risho. Ashe ranar ake koya wa iyaye dafa abincin yara kafin a fara awo. Sista ta yi fatenta, ta zuba alayyafo da ugu har da zogale ɗanye, ya yi kore shar. Ta ɗebo a kofi tana waige-waige.

"Ina yarinyar nan mai ƙin ci? Yawwa, ga ta. Kawo ta nan, yau za ku ga yadda ake ba yaro abinci."

Ta zare Hanifa daga bayana. Hanifa ta hango kofin, ta fara banƙarewa. Sista ta matse ta a cinya ta ɗebo cokali. Ni dai abin da na gani shi ne gobe da safe, in kawo kwanona ta ture, mu koma farko, ga tef na jira.

"Kar ki ba ta!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Sista ta tsaya da cokali a sama.

"Me kika ce?"

"Kore ne ba ta so." Na nuna kofin da ke hannunta. "Shuwaka aka shafa wa Mama a nono da za a yaye ta. Tun ranar in ta ga kore ba ta ci. Kabewa nake yi mata da manja, ina ɓoye zogalen a ciki."

Wata mata ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka ɗauka. Wata ta ce, "Wallahi nawa ma da shuwaka na yaye shi, har yau ba ya shan miyar kuka!" Wata ta ce ita barkono ta shafa, wata ta ce to naki ai sai ya ƙi jan miya. Ni kam ina kallon yatsun ƙafata da taɓo ya bushe a kansu.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokalin. "Wa ya ce a shafa?"

Iya ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Mutanen Lafiya ne, kin san su."

Aka naɗa tef. Na kasa kallo, na kuma kasa kau da kai. Sista ta ja, ta sassauta, ta sake ja. Yana cikin ruwan ɗorawa har yanzu, amma ya matsa daga bakin jan, kamar faɗin ƙwayar wake.

"Ba gado," in ji ta. Ta rubuta a kati. "Amma ba ku tsira ba tukuna, sati biyu ku dawo. Ke, abin da kike yi ci gaba da yi. Zogalen ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kar ki yi gaggawa."

Kamar ban sani ba.

A hanyar gida Iya tana gaba ina baya, ta riƙe buhun ita kaɗai, yayyafi na sauka a kaina. Haka muka tafi har muka wuce injin niƙa. Na gama shirya yadda zan ba ta haƙuri. Sai ta tsaya ta juyo.

"Yaushe kika gane?"

"Kwana takwas ke nan."

"Kwana takwas! Muna ɗaki ɗaya, muna kwano ɗaya. Ba ki iya faɗa mini a kunne ba, sai da kika tara mini matan Kwandere kaf?"

"Kunya nake ji, Iya."

"Kunya. Yau na ga kunya." Ta kalli Hanifa da ta yi barci a bayana, ta sa hannu ta gyara mata wuya, ta ja buhun ta rufe mu da shi mu biyu, ita ta tsaya a ruwa. "Kabewar nan saura nawa?"

"Ta ƙare da safe."

"To tunda bakin ya buɗe, wuce gidan Maman Ashe tun kafin ki cire goyon. Kuma gaisuwa ɗaya za ki yi."